Suna Ya Yi Kama, Aiki Ya Bambanta: Wasu Manyan Masanan Nijar



A fada, maroƙi ba ya haɗa sarki da takwaransa, domin kowane suna da kirarinsa. Masana kuwa ba su da maroƙa, shi ya sa ake jin ɗan makaranta yana ba wannan littafin wancan. Ranar cikar sarauta shekara 100 rana ce ta gyaran tarihi, don haka ya dace a warware wasu sunaye.

Na farko Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929. Masanin kimiyyar fizik ne. Ya koyar a Dakar da Konakiri da Bamako, sannan ya dawo gida ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar binciken makamashin rana, tun daga 1969, lokacin da mutane da yawa ba su ɗauki zafin rana a bakin komai ba sai azaba. Littafinsa na 1964, L'Éducation en Afrique, ya tuhumi makarantar da Nasara ya bari, ya kuma nemi a koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi. Har yau ba a gama biyan wannan bashi ba. Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982, ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992.

Sau da yawa ana rikita shi da Abdu Hamani, masanin harshe, wanda ya yi nazarin nahawun Zabarmanci, shi ma ya riƙe jami'ar. Akwai kuma Jibo Hamani, masanin tarihi, mai littafin tarihin Adar kafin zuwan Turawa (1975). Mutanen Tawa sun san darajar wannan aiki.

Harafi ɗaya ya raba Hamani da Mamani, amma Abdulaye Mamani wata hanya ya bi, mai ƙaya. An haife shi a Gudumariya a 1932, ya shiga jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, ya wakilci Damagaram a majalisa yana matashi. Da aka haramta Sawaba ya yi gudun hijira har Aljeriya. Ya dawo bayan juyin mulkin 1974, sai ga shi a kurkuku zamanin Kunce. A 1980 ya fitar da Sarraounia, labarin Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta ƙone garuruwa kafin jagororinta su gamu da ajalinsu a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa. Kafin littafin, labarin ya fi zama a bakin tsofaffin Arewa. Med Hondo ya mai da shi fim, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Abin takaici, da yawa sun san fim ɗin ba su san mai alƙalamin ba. Ya rasu a hatsarin mota a 1993, a kan hanyarsa daga Damagaram zuwa Yamai.

Sai Umaru biyu. Ide Umaru ɗan jarida ne, marubuci, jakada. Littafinsa Gros Plan ya ci babbar kyautar adabin Afirka a 1978. Ya wakilci Nijar a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya zama ministan harkokin waje a 1983, sannan babban sakataren Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka daga 1985 zuwa 1989. Ya rasu a 2002. Mamman Umaru kuwa firaminista ya yi, har sau biyu, a 1983 da 1988. Ashe a 1988 ɗin, Umaru ɗaya na Adis Ababa yana riƙe da sakatariyar Afirka, ɗayan na Yamai yana jagorantar gwamnati.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a cikinsu, ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.