Ku Nemi Lauyanku Tun Ba a Kama Ku Ba

Wannan shi ne jawabin da aka karanta wa wakilan rassan jam'iyya a taronsu na wata.

 

Maganarmu ta yau ba ta zaɓe ba ce, ta lauya ce. Dalili kuwa, da wuya mako ya wuce ba a buga mana ƙofa da dare ba, a ce an tafi da wane caji ofis, ko an wayi gari an ga turaku a gonar wane, a taimaka a samo lauya. Sai a tashi ana neman lambar waya ido rufe, duk wanda ya amsa shi ke nan. Alhali kuwa ba a fafe gora ranar tafiya.

Dattawan da ke nan sun san abin da za mu faɗa. A zamanin En'e lauya ba shi da ikon tsayawa gaban alkali. Sa'ad da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ɗan doka ya kan ja mutum zuwa kotu don ya yi lacca ba izini, a yanke masa ɗauri kafin azahar, babu mai cewa a dakata a duba doka. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku a wannan zamani. Yau kuwa sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba duk wanda a ke tuhuma ikon ya kare kansa, ko ya kawo lauyan da ya zaɓa. Abin da iyayenmu suka sha bulala ba su samu ba, ga shi a hannunmu, amma mun bar wa masu kuɗi.

To, wane irin lauya? Mutanenmu da yawa sun ɗauka in ba babban lauya daga Abuja ko Ikko ba, irin wanda a ke gani a talabijin, ba a ɗauki lauya ba. Waɗannan suna da ranarsu, in magana ta kai Kotun Ƙoli. Amma ku dubi abin da ke kai talaka kotu: beli, gado, bashi, haya, cinikin fili, rabuwar aure. A Ingila an raba aikin lauya gida biyu, masu tsayawa gaban manyan kotuna daban, masu ofis da takardu daban. A Nijeriya ba haka ba ne, duk wanda aka rantsar yana da ikon yin duka biyun. Saboda haka lauyan da ke da ofis a garinku, mai karɓar kowace irin magana, shi ya fi dacewa da ku.

Da ɗan gari a kan ci gari. Shi ya san ƙofar da za a shiga. Rabon gadon Musulmi na kotun shari'ar Musulunci ne, amma rigima kan mallakar filin da ke da takardar Gwamna, bisa dokar ƙasa ta 1978, ta Babbar Kotu ce. Wanda ya kai ƙara inda ba a da hurumi sai ya yi ta zarya, ya sayar da akuya ya sayar da keke, ƙarshe a kori ƙarar a ce ya koma ya sake sabon lale. Sa'an nan kun san shari'a a ƙasarmu ɗage-ɗage ce. Lauyan nesa, kowane zama ku za ku biya masa mota da masauki, ran da ya gaji kuma ya aiko yaronsa wanda bai ko karanta fayil ba.

Amma fa ɗan gari yana da nasa aibi, ba za mu ɓoye muku ba. Gari ɗaya kowa ya san kowa. Ku tambaye shi ƙiri-ƙiri: kana yi wa ƙaramar hukuma aiki? Wanda mu ke ƙara abokin hulɗarka ne? Dokar sana'arsu ta hana shi ya ci nan ya ci can. Mu da ke jam'iyyar hamayya, wannan tambaya ita ce ta farko.

Kada kuma ku ga baƙar kwat a bakin kotu ku ce lauya ne. Akwai dillalai, masu cewa kawo kaza mu san yadda za a yi. Lauya na gaskiya ya gama jami'a, ya shiga Makarantar Horon Lauyoyi, wadda aka kafa a Ikko a 1962, tana kuma da reshe a Bagauda. Sunansa yana cikin littafin Kotun Ƙoli da lambarsa, yana biyan kuɗin izinin aiki kowace shekara. Tun 2015 kuma a kan manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyi, mai ɗauke da suna da lamba, a kan takardun da ya shirya. Ku je ofishinsa da ƙafarku, ku tambayi waɗanda ya taɓa yi wa aiki.

Sai maganar kuɗi, inda zumunci ya kan ɓaci. Kunya ce ke kashe mu a nan. A yi ciniki tun farko, a rubuta. Kuɗin na shari'ar duka ne, ko na kowane zama? In aka ɗaukaka ƙara fa? Kuɗin shigar da takardu na kotu ne, yana da rasidi, ku karɓa. Ku ba shi kwafin takardunku, in ya ce sai na asali, ya sa hannu cewa ya karɓa. Wanda ya rantse muku za ku ci shari'a tun bai ji ɗaya ɓangaren ba, ko ya ce a kawo na alkali, ku ɗauki takalmanku. Wanda kuma ya karɓo muku kuɗi ya danne, akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, yana iya soke sunansa. Ku ma da naku: ku gaya masa gaskiya duka, har wadda ba ta yi muku daɗi ba, gama amana ce a wurinsa. Gara ya ji daga bakinku da ya ji a gaban alkali.

Abin da ya sa mu ke cewa tun yanzu, doka tana da agogo. A yawancin ƙararraki, wanda ma'aikacin gwamnati ya zalunta wata 3 kawai ya ke da shi ya kai ƙara. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, in akwai kotu cikin kilomita 40, kuma yana da ikon ya yi shiru har ya ga lauyansa. Dokar shari'ar laifuffuka ta 2015 ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda a ke nema. Amma takarda ba ta tafiya caji ofis da kanta, sai wani ya ɗauke ta.

Wanda ba shi da ko anini, akwai hukumar ba da lauya kyauta da aka kafa a 1976. Lauyoyinta kaɗan ne, masu buƙata kuwa sun yi yawa, amma a gwada.

Ga abin da mu ke so. Kafin taron wata mai zuwa, sakataren kowane reshe, da dattijo ɗaya da shugabar mata, su zaga ofisoshin lauyoyi biyu ko uku na yankinsu, su yi musu waɗannan tambayoyi, su kawo mana amsa a rubuce. Wanda reshe ya amince da shi, a buɗe asusu dominsa, kowa kuma ya rubuta lambar wayarsa a bayan katinsa na jam'iyya, ya ba iyalinsa ita.

Allah ya ba mu sa'a. Wassalamu.