Jawabi A Kan Asalin Kan Jirgin Ƙasa Mai Aiki Da Man Dizal Da Lantarki

Gaisuwa da ban girma ga sarakunan Mafara da Bakura da Maradun, Allah ya ja zamaninsu, da hakimai, da alƙalai, da dattawan da suka yi wa En'e ta Sakkwato aiki tun suna samari, da magadansu masu riƙe da ofisoshi a yau. Waɗanda suka rigaya gidan gaskiya kuwa, Allah ya jiƙansu da rahama.

Mai sauraro yana iya tambaya, me ya haɗa mutumin Bakura da kan jirgin ƙasa, alhali kuwa dogo bai taɓa ratsa gonarsa ba? Abin da ya haɗa su shi ne haraji. Cikin shekara ta 1929, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari, reshen dogo wanda ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙaura Namoda, nan ya tsaya. Tun daga ran nan gyaɗa da auduga da fatun jar akuya na ƙasashen nan uku suka sami mafita. Ana ɗora su bisa jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci, a kai su tasha, jirgi ya kwasa sai Ikko. In jirgi ya zo da wuri, 'yan kasuwa su saya da zafi, talaka ya sami kuɗi a hannu, dagaci ya tara haraji ba tare da an kai ruwa rana ba, Baitulmali ya biya albashi. In kuwa jirgi ya yi nawa, duk wanda ya taɓa riƙe littafin haraji ya san sauran labari. Saboda albarkar tashar nan ne Gusau ta bunƙasa, har a 1938 aka zaunar da Sardauna Ahmadu a can don ya duba gundumomin gabas.

To, kan jirgin da ke jan taragu a zamanin nan mai tururi ne. Tukunya ce babba ta ƙarfe bisa ƙafafu, ana hura mata wuta da kwal, ruwa ya tafasa, tururi ya tura sanduna, sanduna su juya ƙafafu. Halitta ce mai ban sha'awa, amma fa ga ci ga sha. Kwal ɗinsa daga Inugu ya ke fitowa, ya ƙetare Binuwai ta gadar Makurɗi wadda aka buɗe a 1932, ya bi ta Kafanchan da Kaduna, tafiyar fiye da mil 400 kafin ya iso Zariya. Watau sai an ƙona kwal don a kawo kwal, taragun da ya kamata su ɗauki kayan talakawa kuwa suna can cike da abincin jirgi. Duk da wannan wahala, zafin da ke komawa aiki bai kai kashi 10 cikin 100 ba, saura sai ya bi hayaƙi.

Ruwa ya fi kwal wuya. In an auna, nauyin ruwan da kan jirgi ke sha ya ninka na kwal ɗin da ya ke ci sau da dama, kuma ba kowane ruwa ya ke so ba, gama mai kanwa ko gishiri ya kan daskare cikin tukunya ya toshe bututunta. A Kudu inda ƙoramu ba su ƙafewa wannan ba wani abu ba ne. A ƙasar da gulbi kan koma rairayi tun daga watan Janairu, mata suna tonon ruwa da ƙoƙo, kan jirgi ya zama baƙo mai ƙishirwa wanda ke tsere da mutanen gari wajen rijiya. Abin haushi kuma, lokacin da kaya suka fi taruwa a tasha, watau bayan kaka, shi ne farkon rani.

Wanda ya fara samo maganin wannan Bajamushe ne, sunansa Rudolf Diesel, an haife shi a birnin Faris a 1858. Ya lura iska in an matse ta ƙwarai ta kan yi zafi, kamar yadda famfon keke ke ɗumama a hannun mai ba taya iska. Sai ya ƙera inji mai matse iska har ta yi zafin da in an fesa mata mai sai ya kama da kansa, ba tukunya, ba mai zuba kwal. A 1897 injin ya yi aiki sosai a garin Augsburg, ya kuma ba da aiki fiye da kashi 25 cikin 100 na man da ya sha. Akwai wani abu a labarinsa da manoman Zamfara za su so ji. A babban nunin kayayyaki da aka yi a Faris a 1900, an tayar da wani ƙaramin injin irin nasa da man gyaɗa zalla, ya yi ta aiki lami lafiya. Shi Diesel bai ga ƙarshen abin da ya shuka ba, don a 1913 ya ɓace daga jirgin ruwa da dare a kan hanyarsa ta zuwa Ingila.

Sa injin cikin kan jirgi shi ne ya gagara da fari. Mai tururi yana da wata baiwa: tun yana tsaye cik ƙarfinsa na nan cikakke, shi ya sa ya ke iya fizgar taragu masu nauyi daga tasha. Injin dizal kuwa sai yana juyawa da sauri ya ke da ƙarfi, in an ɗora masa kaya yana tsaye sai ya mutu, kamar motar da ɗan koyo ya saki kulocinta gaba ɗaya. A 1912 kamfanin Sulzer na ƙasar Suwizalan ya ƙera wa Jamus wani babban kai wanda aka haɗa injinsa da ƙafafu kai tsaye, sai da iskar da aka tara cikin tulunan ƙarfe a ke tayar da shi. Bai yi albarka ba, aka jingine shi. Giya irin ta mota kuma, a ƙirar wancan zamani, ba ta iya ɗaukar nauyin jirgi.

Dabarar da ta warware matsalar ita ce a raba injin da ƙafafun sarai. Injin ba ya taɓa ƙafa ko ɗaya, aikinsa kurum ya juya janareto, janareto ya haifi wutar lantarki, wutar ta bi waya zuwa waɗansu ƙananan injuna da ke ɗaure a gindin ƙafafu, su ne masu juya su. Injin lantarki kuwa halinsa ɗaya da mai tururi wajen tashi, ƙarfinsa ya fi yawa sa'ad da ya ke fara motsi. Saboda haka kan jirgin nan gidan wuta ne mai tafiya da kansa, abin da ya sa a ke haɗa masa suna biyu ke nan. Mutanen Suwidin sun gwada wannan a wani ƙaramin tarago mai tuƙa kansa a 1913. A 1914 kuma wani injiniya na kamfanin General Electric a Amurka, Hermann Lemp, ya ƙago hanyar da direba zai sarrafa inji da janareto da hannu guda.

Rasha ta sami manyan kawuna biyu a 1924, ɗaya ƙirar gida, ɗaya an ƙera mata a Jamus bisa tsarin wani malami nata, Lomonosov. Abin lura shi ne inda daga baya ta tara kawunan dizal ɗinta na fari: can Ashkabad, a bakin hamadar tsakiyar Asiya, inda ruwan tukunya ya fi kome wuya. A Amurka kuwa wanda aka fara sayarwa a 1925 ƙarami ne mai ƙarfin doki 300, aikinsa jera taragu cikin tasha.

Jan fasinja shi ne babban gwaji, don ɗan Adam ba ya haƙurin da buhu ke yi. A 1929, shekarar da dogo ya iso Ƙaura, Reluwen Kanada ta ja jirgin fasinja daga Montreal zuwa Toronto da wani kai mai lamba 9000, wanda a haƙiƙa kawuna biyu ne a haɗe. A 1933 Jamus ta fito da wani mai taragu biyu tsakanin Balin da Hambag, yana gudun mil 100 a sa'a. Amma wanda ya girgiza duniya shi ne Zephyr na kamfanin Burlington. Ran 26 ga Mayu 1934 ya tashi daga Denver da asuba ya isa Chicago da magariba, mil 1,015 cikin sa'a 13 da minti 5, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Jaridu sun fi zuzuta gudunsa, wanda ya haura mil 112 a sa'a a wani wuri, amma masu reluwe rashin tsayawar ne ya ɗauke musu hankali. Mai tururi da sai an tsaya an ba shi ruwa an ba shi kwal, an kuma sauya kai sau da yawa a hanya.

Waɗannan biyu na baya suna da aibi guda, kai da taragu a ɗinke su ke, ba a ƙara tarago ran kasuwa, ba a ragewa, in kuwa injin ya yi ciwo duk jirgin ya kwanta. A 1935 kamfanin Electro-Motive ya ƙera kai mai zaman kansa, da inji biyu a ciki, ƙarfin doki 1,800, wanda za a iya ɗaura wa kowane irin tarago. Reluwen Baltimore da Ohio ta karɓi ɗaya, Santa Fe ta karɓi biyu, ta ja jirginta Super Chief da su a 1936 daga Chicago zuwa Los Angeles cikin sa'a 39 da minti 45. Ba mamaki Santa Fe ta yi sauri, gama hanyarta ta ratsa hamadar Arizona, inda ta ke jan ruwa cikin taragu tana kai wa tashoshi. Daga 1937 aka shiga ƙera irinsu masu dogon hanci da yawa. Wani abin dariya, da ya ke ƙasarsu ta sanyi ce, sai da aka sa wa waɗannan kawuna 'yar tukunyar tururi a baya don ɗumama fasinja, watau an kori tukunya ta ƙofa ta komo ta taga. Hunturun Gusau, duk da kaifinsa, bai kai a yi masa wannan ba.

Ingila, mai arzikin kwal da ruwan sama, ba ta yi gaggawa ba. Sai a watan Disamba 1947 ta fito da babban kanta na fari mai lamba 10000, injinsa na kamfanin English Electric. Ƙasashen da ke ƙarƙashinta kuma suka jira ta.

Jiran nan ya yi wa Arewa tsada. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kawunan Reluwen Nijeriya sun gaji, kayan gyara sun yi wuya, gyaɗa kuwa ta yi albarka, Turai na kukan mai. Dalar gyaɗa ta Kano da a ke nunawa a hoto da alfahari, ta wani gefen alamar gazawa ce: buhuna ne da jirgi ya kasa kwashewa, har sabuwa ta iske tsohuwa ƙarƙashin tamfol, ƙwari na cin rabonsu. An kawo sababbin kawunan tururi a 1948, waɗanda aka raɗa wa sunayen koguna, sun taimaka, amma da kwal da ruwa su ma su ke aiki. A watan Nuwamba 1949 kuma rigimar ma'aikatan kwal a Inugu, inda 'yan sanda suka harbe mutum 21, ta nuna hatsarin rataya sufurin ƙasa duka ga rami ɗaya.

A 1955, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Ministan Sufuri, aka mai da Reluwe hukuma mai cin gashin kanta. A shekarar kuma aka kawo kawunan dizal da lantarki guda 10 daga English Electric, kowanne ƙarfin doki 750. Ba Ikko aka fara ba su aiki ba, Zariya aka kai su, suka riƙa zirga-zirga tsakaninta da Kano, inda kwal ya fi nisa ruwa ya fi wuya. Hikimar da Rasha da Santa Fe suka bi ke nan. A 1958 aka ƙaro 25 ƙirar General Motors, magajin kamfanin nan da ya yi na 1935. Fasinja ya huta da baƙin hayaƙi da tartsatsin da kan ƙona riga ta taga, aka rage tsayuwar shan ruwa, kai ɗaya kuma ya yi aikin da dā sai biyu ko uku, don ba ya bukatar a kashe wuta a wanke tukunya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da ya yanke kwal ɗin Inugu, shi ya ƙarasa karya ƙarfin mai tururi.

Gaskiya dai ba ta cika sai an faɗi ɗaya gefen. Mai tururi, da guduma da maƙera a kan gyara yawancin ciwonsa a Zariya ko Ebute Metta. Mai dizal kuwa ɗan gata ne, ƙurar rani na shiga injunan ƙafafunsa, in wani ɗan ƙarfe ya lalace sai an aika Turai ko Amurka da kuɗin waje. An kuma yi ta sayen kawuna daga ƙasashe daban-daban, kayan wannan ba su shiga wancan, har aka riƙa fige ɗaya don a tayar da ɗaya. Laifin ba na injin ba ne, na rashin tanadi ne. Lamarin ya kai a 1979 aka gayyato ƙwararru daga Reluwen Indiya su riƙe hukumar, suka yi shekara uku. Kafin nan man dizal ɗin ya riga ya shiga cikin manyan motoci, su kuwa har ƙofar sito su ke zuwa a Mafara da Maradun, ba ruwansu da tasha. En'e kanta ta kau a gyaran ƙananan hukumomi na 1976.

Dabarar 1913 dai tana nan da ranta. Jirgin Abuja zuwa Kaduna wanda aka buɗe a 2016, kawunansa ƙirar Sin ne, amma tsarinsu shi ne na dā: inji, janareto, da ƙananan injuna a gindin ƙafafu. Dogon Zamfara kuwa bai wuce inda ya tsaya a 1929 ba. An sha maganar ƙarasa shi zuwa Sakkwato tun zamanin Turawa, har wa yau ƙarshen ƙarfen yana Ƙaura Namoda.