Ruwa Ya Sauya Hali, Mu Ma Sai Mu Sauya Shiri: Jawabin Taron Shekara

 



An ce mu 'yan kasuwa mu tofa albarkacin bakinmu a kan abin da 'yan boko suke kira sauyin yanayi. To, mu dai ba masana ba ne, amma abin da ya taɓa aljihunka ai ka san shi.

Jama'a, mu mazauna Agege ruwa biyu ne yake cinmu. In damina ta ɓaci a Arewa, kasuwarmu ce ta ɓaci a nan, domin tumatir da albasa da tattasai na Mil 12, da shanun mayankar Oko-Oba, duk daga gida suke zuwa. In kuwa ruwa ya yi yawa a Ikko, ɗakunanmu ne suke cika. Tun da layin dogo ya isa Kano a 1911, kakanninmu suna loda goro a nan suna karɓar kayan Arewa, cikinmu yake ɗaure da damunar can.

Iyayenmu sun ba mu labarin farin 1973, mu kuma muna yara muka ga na 1984. A da, fari aka fi jin tsoro. Yanzu kuwa sai ruwa ya yi jinkiri har manomi ya yi shuka biyu, sa'an nan ya zo ya zuba na wata guda a dare ɗaya. Wa zai manta da Lahadi 10 ga Yulin 2011, da aka wuni ana ruwa a Ikko har aka rasa rayuka? A 2022 ambaliya ta kashe mutane fiye da 600 a ƙasar nan. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta nutse.

Wadda ta fi taɓa mu ita ce ta Mokwa, ranar 29 ga Mayun 2025, ana saura kusan mako guda Babbar Sallah. Mutane fiye da 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu, gada ta karye a kan hanyar da kayanmu suke bi. Mu shida muka haɗa kuɗi muka yi lodin tirela guda ta kayan gwari. Kafin ta kewayo ta iso, abin da yake cikin kwanduna ya zama ruwa. Biyu daga cikinmu da kuɗin bashi suka shiga, har yau ɗaya bai koma rumfarsa ba. Amma muna tunawa da waɗanda suka kwana da iyalinsu suka wayi gari babu kowa, sai muka ce alhamdu lillahi.

To, in an zauna a majalisa ana wannan zance, baki yakan rabu uku. Wani ya ce daga Allah ne, a ja bakin nan a yi shiru. Wani ya ce zunubanmu ne suka yi yawa. Matasanmu masu karatu kuma su ce hayaƙi ne. Mu a ganinmu babu abin faɗa a nan. Babu ɗigon ruwan da zai sauka sai da izinin Allah, wannan shi ne imaninmu. Amma a Islamiyya an koya mana cewa Allah yana sanya sababi ga kowane abu. Bayanin masana shi ne, hayaƙin masana'antu da motoci da iskar gas da ake ƙonawa yana taruwa a sama kamar bargo, ya riƙe zafi. Iska mai zafi kuwa ta fi ɗaukar ruwa, shi ya sa in ta tashi saki sai ta saki gaba ɗaya. Galibin hayaƙin nan na manyan ƙasashe ne irin su Amurka da Sin da na Turai, rabon Afirka duka bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Sun yi yarjejeniya a Faransa a 2015 cewa za a rage. Allah ya sa su cika.

Sai dai kada laifin babba ya rufe mana ido ga namu. Wa yake zuba ledar fiya-wata da ragowar kayan miya a kwata? Wa yake kama ɗaki a bakin hanyar ruwa don araha? Buhunan gawayin da muke sayarwa, ba itatuwa ba ne jiya? Ai tsoron Allah ya haɗa da wannan.

Ku tuna Annabi Yusufu, alaihis salam. Da aka sanar da shi shekaru bakwai na fari suna tafe, bai naɗe hannu ba, ajiya ya sa aka yi. Tawakkali ke nan na gaskiya. Ga kuma 'yan'uwanmu na ƙasar Maraɗi: tun wajen 1984 manoma suka daina tumɓuke kututture in suna sassabe, suna barin tohon yana girma, yau ana lissafin itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a kudancin Nijar. Ba da kuɗi mai yawa aka yi ba, da haƙuri aka yi.

Saboda haka muna roƙon wannan ƙungiya abubuwa huɗu. Na farko, kowane layi ya yashe kwatarsa kafin ruwan Afrilu, mu kuma na kasuwa mu riƙi sharar ranar Alhamis da gaske, ba don tsoron tara ba. Na biyu, a buɗe asusun ko-ta-kwana, kowane ɗan kasuwa ya riƙa jefa wani abu duk Juma'a, domin wanda kayansa suka ruɓe ko ɗakinsa ya cika kada ya koma bara. Na uku, hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa. Matasanmu su samo shi, a karanta bayan sallah, a kuma aika wa na gida. Na huɗu, duk mai zuwa ganin gida da damina ya dasa ko itace biyar ne, ya ba wani amanar ban ruwa. Malamai sun gaya mana sadaka ce mai gudana.

'Yan'uwa, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, amma wannan karon zaman ne mugun. Tun ran gini ran zane. Mu ɗaure raƙuminmu, sa'an nan mu dogara ga Allah.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a yafe mana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da ruwan ɓarna, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Amin.