Amanar Baƙo a Zangon Kwatano

Cikin wannan taron murna muna so mu yi magana a kan abu guda, watau yadda mai sana'a zai yi har baƙon da bai taɓa ganinsa ba ya amince da shi.

Ku dubi Zangon nan namu na Kwatano. Baƙi ne suka raya shi. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta kai Paraku cikin 1936, aka kuma buɗe tashar jiragen ruwa cikin 1965, fatake suka yi ta gangarowa daga Maraɗi da Damagaram da Sakkwato da Kano. Mutum ya sauka da kuɗinsa ɗaure a ƙugu, ba ya jin harshen Fon, bai san hanyar kasuwar Dantokpa ba. Ina zai nufa? Sai gidan fatoma. Fatoma ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, in an ba shi kaya bashi ya tsaya masa. Sau da yawa ba takarda tsakaninsu. Jarin fatoma sunansa ne, ran da sunan ya ɓaci kuwa ɗakunansa sun zama kango.

To, yawancinmu ba fatomai ba ne. Akwai tela cikinmu, da makaniki, da mai wanki da guga, da ɗan canji. Amma duk hanyar ɗaya ce.

Da fari, mu faɗi kuɗin aiki ko la'ada tun ba a soma ba. Kada mu ga baƙo bai san gari ba mu ce jaka biyar a kan aikin jaka uku, gama gobe zai tambaya a kasuwa, zai kuwa ji.

Na biyu, mu ƙirga kuɗi a gaban mai shi, mu sa shi ya sāke ƙirgawa da hannunsa.

Na uku, kada mu yanka ranar da ba za mu iya cikawa ba. Gara mu ce Asabar mu gama Jumma'a, da mu ce Laraba mutum ya yi ta sintiri.

Na huɗu shi ya fi wuya. In aibi ya auku, mu riga mai kaya faɗi. Wani ɗan'uwanmu mai guga ya taɓa ƙona wa wani sabon baƙo hannun rigar shadda. Yana iya ninke ta yadda ba za a gani ba sai an kai Gaya. Sai ya buɗe ta ya nuna masa, ya ce zai biya. Baƙon ya yi faɗa ƙwarai, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Watan baya da ya komo, sai ga shi da riguna shida da abokan tafiyarsa biyu.

Mun san abin da ke damun waɗansunmu. Tun da muka bi wannan hanya, waɗansu tsofaffin abokan ciniki sun janye, dangin da dā sukan tsaya mana sun yi shiru. Babu mai cewa, "Ku ba shi, ɗan gidan wane ne." Saboda haka aikin hannunmu kaɗai ya rage ya shaide mu, idon unguwa kuma yana kanmu. In ɗayanmu ya ci amanar baƙo, ba sunansa za a kira ba, mu duka za a ce.

Kada mu yi gaggawa. Baƙo yakan gwada mutum da ƙaramin aiki tukuna, maɓalli ɗaya, ko canjin jaka guda. Mu riƙe wannan da kyau, babban yana tafe. Allah ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.