Jawabi a Bikin Rantsar da Sababbin Shugabannin Ƙungiyar Masu Aikin Ƙarfe



An ce in yi wa waɗanda muka rantsar nasiha, ni kuwa labarin wani takwaransu na Amurka zan ba su, mai suna Sam Parks.

Haifaffen Ayalan ne, ya yi aikin ɗaure ƙarafan gini a Cikago kafin ya koma Niyok. Lokacin ne aka fara tayar da dogayen benaye da ginshiƙan ƙarfe. Ma'aikaci zai taka ƙarfen da bai fi tafin ƙafarsa faɗi ba, hawa goma ko fiye, babu igiya a ƙugunsa, in ya zame sai dai a kai wa iyalinsa labari. Ladan yini kuwa dala biyu da rabi.

Da aka zaɓi Parks wakilin ƙungiya mai zagaya wuraren aiki, kalma ɗaya zai faɗa kowa ya ajiye guduma. Da wannan ikon ya ɗaga ladan ya kusa ninkawa. Wallahi ya yi wa mutanensa rana, kuma ba su manta ba: a 1903, yana kan beli, shi ya ja faretin ranar ma'aikata bisa farin doki.

Amma me ya kai shi kotu? Ya mayar da yajin aiki haja. Sai ya tsayar da aikin ɗan kwangila, ma'aikata su zauna gida ba ko sisi, shi kuwa ya karɓi na goro a bayan fage ya ce a koma. An same shi da laifin tatsar dala 500 daga kamfanin Tiffany, aka kai shi kurkukun Sing Sing, inda tarin fuka ya kashe shi a 1904. 'Yan kwangilar da suka riƙa miƙa masa kuɗin ma ba tsarkaka ba ne, amma shi amanar 'yan'uwansa ya ci.

Mai girma sabon shugaba, kada ka shiga ofishin ɗan kwangila kai kaɗai, ka riƙa tafiya da shaidu. Ma'aji, ka karanta mana lissafin kuɗin ƙungiya a kowane taron wata, ko ba wanda ya tambaya. Ku kuma 'yan'uwa, ku tambaya.

Allah ya taya ku riƙo.