Ruwan datti: a gwada shi kafin a zuba

(Jawabin wakilin ma'aikatar yaƙi da jahilci a cibiyoyin karatu na Agye, Gazawa da Gidan Runji)



Yau zancenmu na ruwa ne. Ba ruwan sama ba, ba na rijiya ba. Ruwan da aka gama aiki da shi aka zubar: na majema, na marina, na mahauta, na gidan likita, na masana'anta. In an zubar da shi, ina yake zuwa? Ba ɓacewa yake yi ba. Ko ya nutse ƙasa ya iske ruwan rijiya, ko ya bi gangare ya faɗa tabki ko gulbi.

Ku dubi Gulbin Maraɗi. Daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar wajen Madarunfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, ya koma Najeriya. Abin da na sama ya zuba, na ƙasa ke samun sa. Da rani gulbin yana ƙafewa, amma akwai ruwa ƙarƙashin rairayi, shi masu garka ke ja.

Wani zai ce: ai in ruwa ya ɓaci, ido zai gani, hanci zai ji. Mutanen Tsibiri sun san ba haka ba ne. Tun daga 1985 garin ya yi shekara wajen 15 yana shan ruwan wata rijiyar burtsatse. Ruwa garau, ba wari. Ashe akwai wani sinadari a ciki mai suna fuliyo, wanda ya fito daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1,5 cikin lita guda. Na Tsibiri ya ninka haka fiye da sau 3. Haƙoran yara suka yi ja, ƙafafun wasu suka lanƙwashe, wasu suka naƙasa har abada. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH da ta duniya FIDH suka fitar da rahoto a kan wannan masifa. Ba masana'anta ce ta zuba gubar nan ba. Na kawo labarin don ku ga ƙanƙantar abin da ke iya ɓata ruwa.

Mene ne miligiram? A raba giram ɗaya kashi 1.000, kashi ɗaya shi ne miligiram. Miligiram 1,5 cikin lita daidai yake da giram ɗaya da rabi cikin tano 5 na lita 200. Wane ido zai ga wannan?

Shi ya sa gwamnati ta kafa doka. Akwai dokar muhalli mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998. Akwai dokar ruwa ta 1 ga Afrilu 2010, wadda ta ce wanda ya ɓata ruwa shi zai biya. Tun 2004 kuma ma'aikatar lafiya ta sa iyakar dattin da ake iya saki a fili ko cikin ruwa. Mai babban aiki ba ya zubar da ruwansa yadda ya ga dama, sai da izinin hukuma. Takardar izini ba hannu kawai ake sa mata ba, tana da sharuɗɗa: inda za a zuba, yawan da za a zuba, da tacewar da za a yi kafin a saki.

To, yaya ake gane ruwa yana da guba? Hanya biyu ce.

Ta farko, a ɗebi ruwan cikin kwalba mai tsabta, a kai ɗakin gwaji, kamar LANSPEX da ke Yamai. Can ake auna tsaminsa, da mai, da gishiri, da ƙarafa masu guba irin su dalma da kurom. Kurom shi ne abin da majemun zamani ke jima da shi maimakon bagaruwa. A Kano, majemun Sharaɗa da Calawa da Bompai sun daɗe suna sakin irin wannan ruwa, kogin Calawa da na Jakara suka sha wuya, masu lambu da masunta ma haka.

Amma ma'auni abin da aka nema kaɗai yake nunawa. In ba a nemi wata guba ba, ba za a gan ta ba. Saboda haka aka fito da hanya ta biyu, ita ce na fi so ku riƙe: a tambayi masu rai. Ana jera kwalabe. Ta farko ruwan datti zalla. Ta biyu rabi datti rabi mai kyau. Ta uku kashi ɗaya cikin 4. Haka ake ta sirkawa. Kwalba ɗaya ruwa mai kyau ne kawai, ita ce shaida. Sai a sa ƴan ƙananan kifi, ko wasu ƙwarin ruwa masu kama da ƙuma, daidai wa daida cikin kowace kwalba. Ƙwarin kwana 2 ake ba su, kifi har kwana 4. Sannan a ƙidaya matattu. In a kwalbar shaida fiye da 1 cikin 10 sun mutu, gwajin ya lalace, sai a sake. In kuwa na shaida suna nan lafiya, na ruwan da aka sirka sosai suna mutuwa, to gubar tana da ƙarfi. Akwai kuma gwajin kwana 7, da ake duba ko suna girma suna haihuwa. A Amurka, bisa dokar ruwa ta 1972, izinin zubar da ruwa ba ya wuce shekara 5 sai an sabunta, kuma da yawa ana ɗora musu wannan gwaji.

Ku lura: kifi ya rayu ba ya nufin mutum ya sha. Gwajin ruwan sha daban yake.

A karkararmu manyan masana'antu kaɗan ne. Ɓarnar da ta fi kusa da mu ta hannunmu ce. Mai feshi ya wanke galan ɗin maganin ƙwari a tabkin da shanu ke sha. Makaniki ya juye baƙin mai a rami. Mai rini da soda ya watsa ragowar a bakin rijiya. Jinin mahauta ya kwanta bayan kasuwa. Waɗannan ba su da takarda, amma dokar ta hau kansu su ma.

In kun ji za a kafa wani aiki kusa da garinku, ku je wajen mai gari da magajin gari, ku tambaya: ina ruwansa zai tafi, wa ya gwada, ina takardar? Yanzu kun iya karatu, ku ce a nuna muku kwanan wata da hatimi. In kun ga kifi ko kwaɗi sun mutu a tabki, ko dabbobi sun ƙi sha, ku hana yara shiga, ku rubuta ranar, ku gaya wa ma'aikatan muhalli ko na tsabta tun ruwan bai sake ba.

Aikin mako mai zuwa: kowa ya rubuto cikin littafinsa wuraren da ake zubar da ruwan datti a garinsu, da taku nawa ne daga nan zuwa rijiya mafi kusa. Malamin cibiya zai tattara, mu kai wa hukuma.