Gubar da ke Kwance a Ƙarƙashin Ruwa



Idan aka ce kogi ya gurɓace, abin da ya fi zuwa wa mutum a rai shi ne launin ruwa da ɗoyinsa. Amma ruwa matafiyi ne, ran da masana'anta ta daina zubar da dagwalonta, ba da jimawa ba sai a ga ya washe. Lakar da ke ƙasa ita ce ba ta zuwa ko'ina. Guba irin su zaiba da dalma suna manne wa ƙwayoyin laka, su kwanta tare da ita shekara da shekaru, tsutsa ta ci, kifi ya ci tsutsa, mutum ya ci kifi.

Babu inda aka ga wannan ƙarara kamar Minamata, wani gari na masunta a ƙasar Japan. Daga 1932 zuwa 1968 kamfanin Chisso yana sakin ruwa mai zaiba cikin mashigin tekun garin. A 1956 aka fara ba da rahoton wata cuta mai lalata jijiyoyi, mai hana mutum tafiya da magana sosai, har ana haihuwar yara da ita. Da aka auna lakar bakin magudanar kamfanin a 1959, sai aka sami zaiba har kilo 2 a cikin tan ɗaya. Bayan an daina zubarwa, kifi bai tsarkaka ba, sai da aka tare bakin mashigin da raga a 1974 don kada kifin ciki ya fita.

To, yaya za a yi da lakar? Hukuma ta yanke cewa duk inda zaiba ta kai giram 25 a tan ɗaya za a kwashe. An fara aiki a 1977, sai waɗansu mazauna garin suka kai ƙara kotu, suna tsoron kada yasar ta tayar da gubar da ta kwanta. Aiki ya tsaya sai 1980, bai ƙare ba sai 1990. An tattara laka kimanin mita miliyan ɗaya da rabi ta ma'aunin cika, aka binne ta a wani gefen mashigin, aka rufe da ƙasa, ya zama fili mai hekta 58. Ba a cire ragar ba sai 1997.

Tsoron waɗannan mutane ba na jahilci ba ne, kuma ni a ganina a nan ne bincike ya kamata ya fi ba da ƙarfi. Sanin yawan gubar da ke cikin laka abu ne mai sauƙi, kowane ɗakin gwaji mai kayan aiki zai iya. Mai wuyar shi ne sanin nawa ne daga cikinta yake fita ya shiga jikin mai rai. Zaiba, alal misali, takan sauya hali a cikin laka marar iska, inda waɗansu ƙananan halittu ke mayar da ita irin da ke taruwa a naman kifi. Saboda haka wurare biyu suna iya zama da adadi ɗaya, amma haɗarinsu ya bambanta ƙwarai. Wanda bai san wannan ba zai kashe dukiyar jama'a yana yashe inda ya kamata a bari, ko a rufe da yashi mai tsabta, ya bar inda ya kamata a yashe.

Sa'an nan akwai motsin lakar kanta. A kogin Hudson na Amurka, masana'antu biyu na kamfanin General Electric sun saki sinadarin PCB daga 1947 zuwa 1977, yawancinsa ya taru a bayan wata tsohuwar madatsar ruwa a Fort Edward. Da aka rushe madatsar a 1973, sai lakar ta kwarara ta bazu cikin kogin. Yasar da aka yi daga 2009 zuwa 2015 ta kwashe laka fiye da mita miliyan biyu, aka tsane ta, aka ɗauke ta a jiragen ƙasa zuwa wuraren binnewa masu nisa. Duk da haka har yanzu an hana cin kifin wannan sashe na kogin. Watau kwashe laka ba kashe guba ba ne, sauya mata mazauni ne kawai, kuma tambayar inda za a ajiye ta tana bukatar masu bincike kamar yadda yasar take bukata.

Mu ma nan gida muna da namu. Ruwan masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa, mai ɗauke da kuromiyam, yana ƙarewa a kogin Challawa, na Bompai kuwa yana bin rafin Getsi ya shiga Jakara, inda manoman rani ke ban-ruwan kayan lambun da ake sayarwa a kasuwannin Kano. Kogunanmu sun bambanta da waɗancan ta fuska ɗaya babba: da rani suna janyewa laka ta bushe a rana, da damina kuma ambaliya ta kwashe ta ta shimfiɗa a fadama. Sakamakon da aka samu a ƙasashe masu sanyi ba lalle ne ya yi mana daidai ba.

Ga ɗaliban kimiyya da ke neman abin da za su rubuta kundi a kai, aikin ba ya bukatar jirgin yasa. A soka bututu a ciro laka daga sama zuwa ƙasa, a yanka ta daki-daki don a ga abin da kowane zamani ya bari, a auna kifi da ganyen da ke kusa, a koma wuri ɗaya kafin damina da bayanta, shekara bayan shekara. Ku kuma da za ku shiga ma'aikatu, ranar da takardar kwangilar yashe kogi ta zo teburinku, ku tambayi ko an auna lakar, kuma a gonar wa za a jibge ta.